Yadda ake jinyar uwa ko uba mai gigin tsufa ba tare da mai jinyar ta kwanta ba

Shekara 6 na yi ina jinyar mahaifiyata bayan ciwon mantuwa ya kama ta, tun abin bai wuce ta ajiye makulli ta manta ba har ya kai sai an juya ta a gado. Bayan ta rasu na sake taya maigidana jinyar babansa shekara biyu da wani abu, shi ma irin ciwon ne, daga nan duk wadda abin ya samu a dangi ko cikin ƙawaye sai a ce ta kira ni. Abin da nake fara gaya musu guda ɗaya ne, wannan ba jinyar zazzaɓi ba ce da zaki daure sati biyu ki huta, shekaru take ci, kuma mutum ɗaya baya iya ta komai son da yake wa iyayensa. Ni na gwada. A shekara ta biyu jiri ya kayar da ni a banɗaki, aka auna aka ce jinina ya hau, kuma ranar kaf gidan babu wanda ya san ƙarfe nawa ake ba Mama magani don komai a kaina yake.

Zan riƙa cewa "ke" saboda yawanci mata abin ke faɗawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce wajen kashi 70 cikin 100 na awannin da ake kashewa wurin jinyar masu wannan ciwon mata ne ke yi. Amma ɗan uwa idan kai ne a kai, maganar duk taka ce.

Kayan da zaki tanada

Littafi ɗaya da biro, a ajiye kusa da gadon mara lafiyar kada ya bar ɗakin. A ciki ake rubuta lokacin magani, abin da ta ci, yaushe ta yi bayan gida, awa nawa ta yi barci, me ya tayar mata da hankali. Duk cikin kayan nan babu kamarsa, don shi ne zai sa wani ya iya karɓarki ba sai ya yi ta kiranki a waya ba.

Akwatin magani mai gida 7 na kwanakin sati. In babu, ki samu ƙananan robobi masu murfi ki rubuta ranar a jikin kowanne.

Kalanda babba ta manna wa bango, ta raba aiki.

Pampas na manya, ledar shimfiɗa a kan katifa, safar hannu, da man shafawa mai kauri don kare fata. In pampas ya gagara ki yayyanka tsofaffin zannuwan gado masu laushi ki sa leda a ƙasa, sai dai fa dole a riƙa canjawa da wuri.

Ƙaramar fitila da zata kwana a kunne tsakanin gado da banɗaki, ƙararrawa a jikin ƙofa, da sakata can sama inda ido baya saurin kaiwa. Babu ƙararrawa? Cokula uku a ɗaure da zare a rataye a ƙofar sun wadatar. Amma don Allah kada a kulle ta ita kaɗai a gida a fita, ko don gobara.

Kujerar roba mai ƙarfi ta wanka, da kujerar bayan gida ko fo a gefen gado. Sai kati mai sunanta da lambar wayarki a aljihunta ko a ɗinke jikin riga, da hotonta na kwanan nan a wayarki saboda ranar da zata fita ba a sani ba.

Na ƙarshe mutane. Sunan mutum biyu aƙalla da zasu iya karɓarki, ɗaya a ciki wanda zai iya kwana.

1. Ki kai ta likita a san sunan abin

Mutane suna cewa ai tsufa ne kawai, amma tsofaffi nawa muka sani da suka haura 90 da hankalinsu garau? Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ƙwayoyinta ke lalacewa a hankali. Mafi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, nau'in da ake kira Alzheimer ne, sunan likitan Jamus da ya fara bayaninsa a 1906. Wani kuma daga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa yake zuwa, musamman ga mai hawan jini ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma abubuwan da ke kama da shi alhali ana maganinsu, kamar ƙarancin bitamin B12 ko ciwon damuwa ko wani magani da bai karɓe ta ba, shi ya sa gwajin yake da amfani. Magunguna irin su donepezil da memantine basa warkarwa, suna ɗan sassauta alamomin ne na wani lokaci ga wasu, kada ki ɗora buri a kansu ki zo ki karaya.

Me ya haɗa wannan da gajiyarki? Ranar da kika yarda ciwo ne, rabin ɓacin ran zai sauka, don zaki daina ganin da gangan take miki.

Gargaɗi: shi wannan ciwon a hankali yake tafiya. In kika ga cikin kwana ɗaya ko biyu ta rikice fiye da yadda kika saba, ko ta koma barci kawai, kada ki ce ciwon ne ya ƙaru. Sau da yawa cutar mafitsara ce, ko zazzaɓi, ko rashin shan ruwa, ko kwana da kwanaki bata yi bayan gida ba, ko wani wuri ke mata ciwo ta kasa faɗa. Asibiti za a je ranar.

2. Ki auna kanki sati ɗaya

A bayan littafin nan ki ware shafi naki. Kwana 7 ki rubuta awa nawa kika yi barci, sau nawa kika ci abinci a zaune, sau nawa kika ɗaga murya, yaushe rabonki da fita wani wuri da ba kantin magani ba. Babba yana buƙatar barcin awa 7 ko kusa da haka, ni da na rubuta nawa sai na ga 3 ne zuwa 4, a gutsuttsure. In kin ga ciwon kai baya barinki, kina kuka ba dalili, kin fara mantuwa ke ma, kina jin gabanki ya faɗi da zarar ta kira sunanki, to kin riga kin shiga, ba sai kin jira faɗuwa irin tawa ba. Wannan shafin kuma shi zaki riƙe a mataki na gaba.

3. Ki tara 'yan uwa a raba aiki

Nan ne aka fi yin kuskure. Mai jinya sai ta yi shiru tana jira 'yan uwa su gani da kansu, su kuma suna zuwa gaisuwa na minti 30 su tarar da Mama tsaf tana amsa gaisuwa da fara'a, su tafi suna cewa ai jikin da sauƙi. Masu wannan ciwon suna iya tattaro hankalinsu gaban baƙo na ɗan lokaci, bayan an tafi ne abin ke dawowa kanki. Don haka kafin taron ki roƙi wanda ya fi musu ya kwana ɗaya da ita, ke ki koma wani ɗakin. Yayana da ya kwana, da safe bai ce komai ba sai "tun yaushe haka take?" Na ce shekara guda kenan. Daga ranar maganar ta canja.

A wurin taron kada ki ce "ku riƙa taimaka min", kowa zai ce to kuma babu wanda zai zo. Ki faɗi rana da lokaci. "Yaya, Talata daga ƙarfe 9 zuwa 3 kai ne da Mama." "Anti, daren Juma'a da na Asabar fa?" A rubuta a kalanda gaban kowa, a ɗauki hotonta a tura guruf ɗin WhatsApp na gida. Wanda yake nesa shi ma yana da rabo, ya ɗauki kuɗin magani ko na pampas ko albashin mai taya aiki, ya riƙa kira a lokacin da kika san tana cikin natsuwa, in ya samu hutu ya zo ya karɓe ki sati guda cur.

A wannan zaman a gama maganar kuɗi da takardu ma, wa zai riƙe katin banki, ina takardun gida da na fansho suke, kuma in har tana da sauran fahimta a yi da ita a ji ra'ayinta. Duk abin da kika kashe ki rubuta. Ba don ba a yarda da ke ba, sai don zargi tsakanin 'yan uwa yana gajiyarwa fiye da wankin zannuwa.

Kuskure na biyu naki ne zai kasance: wanda ya karɓe ki ba zai yi yadda kike yi ba. Zai sa mata rigar da bata dace ba, zai makara da abinci. In dai an ba da magani daidai kuma bata faɗi ba, ki kama bakinki. Kina gyara musu komai zasu janye su bar miki kayanki.

In ke kaɗai ce babu 'yan uwa, ko akwai su amma sun ƙi, kada ki ƙarar da ƙarfinki wurin rigima da su. Ki koma kan maƙwabciya, ƙawa, ɗanki ko 'yarki da suka yi hankali, ko mai aiki ko na awa 3 ne sau biyu a sati. Ki fara da su kina gida, su saba da ita ta saba da su, sannan ki soma fita. Ki kuma tambayi asibitin da kuke zuwa ko akwai ma'aikatan jinya masu zuwa gida ko ƙungiyar masu jinya irinki.

4. Ki ƙwato barcinki

Komai zaki iya jurewa banda rashin barci. Wasu masu wannan ciwon rikicewar tana tashi ne daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba, su ce zasu tafi gida alhali suna gida, da dare kuma su farka su hau haɗa kaya. Abin da ya yi min aiki shi ne da safe in fitar da ita ta sha hasken rana ta ɗan taka, barcin rana kada ya wuce awa ɗaya kuma kada ya kai yamma, babu shayi mai ƙarfi ko kofi bayan azahar, ruwa ta sha sosai da rana a rage daf da kwanciya. Tun kafin duhu ya shigo in kunna fitilu in ja labule, don inuwa tana tsorata su, a rage ƙarar talabijin da hayaniyar yara. Kafin ta kwanta a kai ta banɗaki.

Duk da haka wani daren zata tashi, shi ya sa dole ki samu dare biyu a sati da ba ke ce da ita ba, kuma ki kwana inda ba zaki ji motsinta ba. In babu mai kwana, ki nemi mai zama da rana ki yi barcin awa 3 a jere, kada ki ce bari in yi wanki tukuna.

Kada ki sayo maganin barci da kanki ki ba ta. Yana ƙara rikita tsofaffi, yana kawo faɗuwa, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ne. Ki kai wa likita littafin ya ga yadda darenta yake.

5. Ki daina gardama da ciwon

Babanmu ya rasu shekara 11 kafin ciwon Mama ya yi ƙarfi. Wata yamma tana zaune bakin gado ta ɗago ta ce min "har yanzu babanku bai dawo ba?" Na ce Mama ai ya rasu tuntuni. Ta zuba min ido, leɓenta na rawa, ta ce "shi ne ba wanda ya gaya min?" Ta yi kuka irin na ranar farko, washegari ta sake tambaya. Sau uku na yi mata haka kafin na gane ni nake sabunta mata mutuwar.

Daga nan in ta tambaya sai in zauna kusa da ita in ce "Mama kina kewarsa ko? Wai ya aka yi kuka fara haɗuwa?" Sai ta kama labari, fuskarta ta saki, tambayar ta wuce. Kinga ban yi mata ƙarya ba, ban kuma soka mata wuƙa ba. Abin da ke ƙarƙashin maganar zaki amsa, kewa ce ko tsoro ko yunwa ko fitsari ne ya matse ta.

Haka in ta ce kin sace mata kuɗi. Yana da zafi wallahi, ke da kika bar komai saboda ita, amma kada ki tsaya rantsuwa. Ki ce "bari mu duba tare", ki kuma gano maɓoyarta don yawanci wuri biyu ne ko uku, ta Mama cikin rigar filo ce. Tambaya ɗaya sau 20 kuma ki ba ta gajeriyar amsa iri ɗaya, sannan ki sa mata abin yi a hannu, ni kwandon ƙananan tawul nake ba ta ta ninke, in ta gama in kai ɗaki in warware in dawo da su anjima. Ki daina "kin tuna wannan?" da "wace ce ni?", jarrabawa ce da zata faɗi ta ji kunya. Ki faɗi sunanki kawai in kin shigo. Magana gajeriya, abu ɗaya a lokaci ɗaya, zaɓi kada ya wuce biyu.

6. Ki tsare bayanki

Wanka cikakke sau 2 ko 3 a sati ya isa in tana faɗa da shi, sauran ranakun a goge fuska da hammata da gaba da baya da tawul mai ɗumi. Ki rufa mata zani a jiki kina wanke wuri-wuri, kunya bata gushewa don mantuwa ta zo. In ta ƙi, ki bari ki dawo bayan awa ɗaya. Uba kuma in da hali namiji ya riƙa yi masa, ya fi samun natsuwa.

Ki riƙa kai ta banɗaki duk bayan awa 2 ko bata nema ba, wanki zai ragu sosai. Wurin ɗagawa ki matso jikinta, ki ware ƙafafu, ki lanƙwasa gwiwa ba ƙugu ba, kada ki ja ta ta hannu ko hammata, ki ƙirga ɗaya biyu uku ku tashi tare. In ta faɗi ƙasa kada ki ɗaga ke kaɗai, ki fara dubawa ko ta ji ciwo ki kira wani. In ta kai ga kwanciya a riƙa juya ta duk awa 2 ana duba ƙugu da duwawu da diddige, jan da bai gushe ba farkon gyambo ne.

7. Ranar da fushi ya taso

Zai taso. Duk wadda ta ce miki bata taɓa jin haushi ba, to bata daɗe a jinyar ba. Ni na taɓa daka wa Mama tsawa don ta kifar da kofin ruwa karo na uku kan zanin da na shimfiɗa yanzun nan. Ta maƙure jikin bango ta ɗaga hannu ta kare fuskarta, uwar da ta haife ni. Bayan minti 10 ta manta, ni har yau ban manta ba.

Ki san alamarki tun kafin ya kai baki, wata zafi take ji a ƙirji, wata haƙora take cijewa. Da kin ji, ki duba babu abin da zai cutar da ita, ki fita ɗakin minti 5 zuwa 10, ki wanke fuska, ki ja numfashi a hankali, ki kira mutum ɗaya da kika san ba zai miki wa'azi ba. In kin riga kin yi tsawar ki koma ki riƙe hannunta ki ce "Mama yi haƙuri", sannan ki buɗe shafinki ki duba barcin daren jiya, kusan kullum a nan amsar take. In kuwa hannunki ya taɓa kaiwa jikinta, ko kika ji yana neman kaiwa, ranar zaki kira wani ya karɓe ki. Kada kunya ta sa ki ɓoye, alama ce nauyin ya wuce na mutum ɗaya.

Akwai kuma tunanin da masu jinya basa faɗa, daren da zaki ji da ma abin ya ƙare kowa ya huta, sai ki tsani kanki. Kusan duk wadda na zauna da ita ta taɓa jin haka. Gajiya ce ke magana, ba ƙiyayya ba.

8. Ki sa kanki a kalanda

Rabin yini a sati naki ne, a rubuce kamar ranar asibitinta, kuma ki bar gidan don in kina ciki za a kira ki. Kada ki cika shi da cefane da biyan kuɗin wuta. Ki je wurin ƙawa, ki taka ƙafa, ko ki samu wuri ki zauna shiru. Farko zaki ji kamar kin yi laifi, ki tafi da laifin haka nan, a sati na uku zai ragu.

Ranar da kika kai ta asibiti ki sa a auna jininki da suganki ke ma, maganinki kuma ki ajiye kusa da nata ku sha lokaci ɗaya. In kin yi sati 2 zuciyarki a cunkushe, abin da kike so da ya daina miki daɗi, abinci da barci sun rikice, ki gaya wa likita kai tsaye, yana iya zama ciwon damuwa kuma ana maganinsa. In tunanin cutar da kanki ya zo, ranar zaki faɗa wa wani ku je asibiti, ba gobe ba. Ki kuma bar kanki ki yi kukan rashinta tun tana raye, don gaskiya kullum ana ɗauke miki wani ɓangare nata. Ranar da Mama ta fara kirana da sunan ƙanwarta na amsa mata da murmushi, na shiga kicin na yi kuka mai isata.

9. Duk wata 3 a sake zama

Ciwon gaba yake yi, tsarin da ya yi aiki bara ba zai yi bana ba. Duk wata 3 ki ɗauko littafin ku zauna da waɗanda ke kalanda a duba: ta fara fita da dare? tana faɗuwa? tana ƙwarewa in tana ci ko sha? ɗagawa ta koma sai mutum biyu? Ƙwarewar nan kada a yi wasa da ita, abinci na iya bi ta hanyar iska ya jawo ciwon huhu, a zaunar da ita sosai in zata ci, a ba ta kaɗan-kaɗan mai laushi, a gaya wa likita. In biyu daga cikin waɗannan sun bayyana to lokacin ƙara hannu ya yi, ko mai kwana na dindindin, ko ma'aikaciyar jinya mai zuwa gida, ko gidan kula da tsofaffi a inda ake da mai kyau kuma iyali suka amince. Wasu suna cewa a riƙa zagayawa da ita gidajen 'ya'ya wata-wata, ni ban goyi baya ba sai in babu yadda za a yi, canjin wuri yana ƙara rikita su, gara ita ta zauna ɗakin da ta sani masu jinyar su riƙa zagayowa. In dole sai an mayar da ita wani gida, a tafi da filonta da bargonta da fitilar nan ta dare, a jera su yadda suke a tsohon ɗakin, littafin kuma ya bi ta.